Gurbin Yatsunka Biyu

Ranar Litinin, bakwai ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana ƙera mini ƙafa. Ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana huɗu, yana da shekara sittin da takwas. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa kowa zai koma, mai ƙafa biyu da mai ɗaya. Labarin bai iso ni ba sai bayan la'asar, an riga an kai shi an dawo. 'Yarsa ta fari ce ta kira ni a waya. Ta ce, "Baba Akawu, Maƙerinka ya tafi." Na ce ya tafi ina, domin abin da ya fara zo mini shi ne ko an gayyace shi wani taron aiki. Ina rufe baki na gane.

Ban samu jana'izarka ba, Maƙeri, kuma ko da labarin ya zo da wuri, ba zan samu ba. A bakin gado nake zaune a ranar, ƙafar da ka yi mini tana jingine da bango sanye da takalminta, ni kuma ina fama da miki a ƙasan gwiwa. Mutumin da ya tashe ni tsaye, na kasa shiga sahu in tsaya masa. Yau kwana ashirin da shida ke nan. Na makara da wannan ta'aziyya, kuma zan faɗi dalili, domin dalilin ma a cikin aikinka yake.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ba maƙeri ba ne irin na wuta da guduma. Aikinsa yin ƙafafun roba da hannuwa ga waɗanda aka yanke wa, da takalman ƙarfe ga yaran da cutar shan-inna ta taɓa, da rigunan tallafe baya ga waɗanda ƙashin bayansu ya karkace. Ni na laƙaba masa Maƙeri don tsokana, shi kuma ya rama da Akawu, tun ina aiki a gidan waya. Sunan ya bi ni har yau da ba mai tuna na taɓa riƙe hatimi.

Ina da shekara arba'in da takwas wata babbar mota ta ture ni a kan babur, aka yanke mini ƙafar hagu, taƙi ɗaya a ƙasan gwiwa. Na yi wata biyu a kwance ina kallon bango. Duk wanda ya zo sai ya ce sannu, a yi haƙuri, har na tsani kalmomin. Na ce wa maiɗakina ta tattara duk takalmana na hagu ta zubar. Ran nan sai ga ka a ɗakin marasa lafiya da rigar aikinka duk farin gari. Ba ka ce mini sannu ba, ba ka ce a yi haƙuri ba. Ka leƙa ƙarƙashin gado ka ga takalmi wari ɗaya, ka ce, "Ina ɗan'uwansa?" Na ce an zubar. Ka ce, "To da me zan auna dunduniya? Ko so kake in yi maka ƙafar da za ta riƙa yawo ba takalmi kamar ta ɓarawo?" Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, ta buɗe jaka ta fito da shi a naɗe cikin jarida. Ashe ko ɗaya ba ta zubar ba. Ka karɓa ka juya shi, ka duba inda ya ci, ka ce, "Malam, da gefen waje kake taka ƙasa. Haka sabuwar ma za ta taka." Tun da aka yanke ni, ba wanda ya yi mini maganar tafiya kamar abin da ke gabana sai kai.

Amma yatsunka nake so in yi rubutu a kai.

Kafin a yi wa mutum ƙafa sai an ɗauki siffar dungulminsa, wato ragowar da likita ya bari. Ka zaunar da ni a kan dogon benci, ka sa mini siririyar safa, ka jiƙa shuɗin fensirinka ka zana kowane ƙashi da ya turo fata. Sannan ka tsoma bandeji mai farin siminti a ruwa, irin wanda ake ɗori da shi a asibiti, ka naɗe ni tun daga ƙasa har bisa gwiwa. Simintin nan 'yan mintuna gare shi kafin ya kama, kuma a cikinsu duk aikin yake. Ka durƙusa a gabana, ka kafa manyan yatsunka biyu a ƙasan ƙoƙon gwiwata, ɗaya a kowane gefen jijiya, sauran yatsun suna tallafe da baya. Ka danna, ka tsaya cak. Ba ka magana, ba ka kuma yarda a yi maka. Simintin yana ɗumi yana tauri, kai kana kallon ƙasa kamar mai sauraren wani abu daga nesa. Da ya kama ka zare shi ka nuna mini: daga waje gurbi biyu, daga ciki ɗan tudu biyu. Ka ce, "Nan za ka zauna. Ba a ƙarshen dungulmi nauyinka zai sauka ba, a nan zai sauka." Daga wannan siffa ake zuba kwafin dungulmi, a kan kwafin kuma ake ƙera abin da ake zura ƙafa a ciki. Ku kuna ce masa soket, ni kube nake ce masa, kamar na wuƙa. Duk matakin da aka bi, gurbin yatsun nan yana biye, har zuwa ƙafar da za a ba mutum ya tafi da ita gida.

Babban yatsanka na hagu a karkace yake. Injin goge roba ya kama shi kana saurayi, ya warke a lanƙwashe yana kallon waje. Saboda haka gurbinka na hagu bai taɓa yin daidai da na dama ba, kullum a kishingiɗe yake. Na taɓa tambayarka ko wannan ba aibi ba ne. Ka ce, "Aibi ne mana. Amma ka taɓa faɗuwa?" Ban taɓa ba.

Shekara talatin da ɗaya, duk takun da na yi a kan yatsun nan biyu na yi shi. Zuwa aiki, zuwa masallaci, zuwa kasuwa. Ranar da na raka ɗana tasha zai tafi inda ya tafi ya zauna. Ranar da na bi gawar maiɗakina. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin haka ba sai da ka mutu.

Ƙafa huɗu ka yi mini, domin dungulmi yana ramewa da shekaru kamar mai shi, kube kuwa ba ya ramewa. Ukun farko suna nan a kusurwar ɗakina, na kasa rabuwa da su. Tun da aka ce mini ka tafi nake jawo su da rana, in jera su a kan gado, in sa yatsana a gurbin naka. Na farko mai zurfi ne, hannun mutum mai shekara talatin da bakwai da bai san gajiya ba. Na biyu ya fi faɗi, na lokacin da ka yi ƙiba muna yi maka dariya. Na uku ya fi duka kyau, ba zurfi ba faɗi, hannun wanda ya daina gwada ƙarfi ya koma gwada sani. Ɗakin shiru, ba mai shigowa, ba mai fita. Wani lokaci sai in ji kamar idan na ƙara dannawa kaɗan zan taɓa ka ta ɗaya gefen.

Ka san ƙafar da aka yanke ba ta yarda ta tafi. Har yau tafin ƙafata ta hagu yana yi mini ƙaiƙayi, a ƙarƙashin ƙaramin yatsa, ƙafar da aka binne tun kafin a haifi rabin mutanen unguwarmu. Na ɓoye wannan shekara guda, ina tsoron a ce na fara taɓuwa. Ranar da na faɗa maka ba ka yi dariya ba. Ka cire takalmin, ka ɗora ƙafar robar a cinyarka, ka ce in zuba mata ido, ka fara sosa tafinta da farce. "Nan ne?" Na ce gaba kaɗan. "Nan?" Na ce nan. Kuma wallahi ya lafa. Ka ce, "Kada ka faɗa wa likita, zai ce na shiga aikinsa." Yanzu abu biyu nake ji a jikina waɗanda ba su nan. Na farkon na saba da shi.

A bayan ɗakin aikinka akwai kanta mai hawa huɗu, cike da fararen kwafin dungulmai. Ba ka rubuta suna a jikinsu, sana'a kake rubutawa, ko abin da ka san mutum da shi: Direba, Mai ɗinki, Uwar tagwaye, Mai kifi, Sarkin gardama. Ka ce suna yana maimaituwa, amma ba ka taɓa samun Sarkin gardama biyu ba. Ƙa'ida ita ce a farfasa tsohon kwafi idan an yi sabo, kuma kana farfasawa, sai na waɗanda suka rasu, su kam ba ka taɓa su. Hawan sama nasu ne. Na tambaye ka amfaninsu, ka ce ba su da amfani, hannunka ne ba ya zuwa. Ina tuna yadda rana take shigowa ta taga da yamma ta faɗi a kansu, kowanne da gurbin nan biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a kishingiɗe, kamar taron mutane da hannu guda ya riƙe. Nakan ce maka ka tanadar mini wuri mai iska a hawan saman nan. Kai kuma ka ce, "Akawu, ka yi layi, akwai na gabanka." Ni na girme ka da shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa zaton layin zai tsallake ni ba.

Alherinka ba mai surutu ba ne. Na ga ka tsuguna awa guda kana lallashin wata yarinya da ta ƙi sa takalmin ƙarfe don ana tsokanarta a makaranta, har ka sake masa fata da launin da ta zaɓa da kanta. Na ga ka mayar da ƙafar wani magini sau biyar kan teburin aiki saboda tana cizonsa a wurin da bai fi ƙwayar wake ba, shi yana cewa a bari ya saba, kai kana cewa ƙafa ce za ta saba da shi. Takun mutanenka kake ganewa tun daga baranda, kafin su leƙo. Sai ka ce, ba tare da ka ɗaga kai daga magagarinka ba, "Direba ne, kuma ya sake sa safa biyu bai faɗa mini ba."

Nawa rabon ya zo bayan rasuwar maiɗakina, shekara takwas da suka wuce. Na je ka duba mini maɗauri. Ka juya takalmin ka daɗe kana kallon ƙasansa. Ka ce, "Wata shida, takalmi bai ci ba. Ina kake zuwa?" Na ce nan da can. Ka ce, "Ƙarya kake, Akawu. Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gado." Daga ranar ka yanke hukunci cewa ƙafata tana da wata matsala da sai an duba ta kowace Alhamis ta farkon wata, kuma dole in sauka daga mota a bakin babban titi in ƙarasa a ƙasa, wai don ka ga yadda take ci. Na san ba ta da matsalar komai. Kai ma ka san na sani. In zo, ka ɗan juya wata ƙusa da makulli, ka mayar da ita inda take, a kawo shayi, in zauna a kujerar kusa da tandar gasa roba ina kallonka kana aiki har azahar. Shekara takwas, wannan Alhamis ita ce abin da nake wanke riga dominta.

Yanzu zan faɗi abin da ya hana ni sukuni.

Tun bara ƙafa ta huɗu ta yi mini yawa. Daga safa ɗaya na koma biyu, na koma uku, har biyar, ina cika gurbin ramar da na yi. Ka yi ta cewa in zauna a ɗauki sabuwar siffa, ina cewa wata mai zuwa, don ina ganin tsoho kamata ai ba ya buƙatar ƙafa ta biyar. Sai da kuben ya goge mini fata ya buɗe miki sannan na yarda. Kwana tara kafin rasuwarka ke nan. Ka rufe mikin da auduga, ka zana ƙasusuwa, ka naɗe bandeji, ka durƙusa kamar kullum. Durƙuson ya ɗauke ka lokaci, har ka dafa benci. Ka kafa yatsunka. Maƙeri, na ji. Hannun da na sani shekara talatin da ɗaya, ranar nan kamar an ɗora mini ganye. Ba nauyi, kuma da sanyi, har ta cikin ɗumin simintin na ji sanyinsa. Na hagun yana rawa kaɗan-kaɗan. Duk duniya ba wanda ya fi ni sanin yadda yatsun nan suke dannawa, kuma ni aka ba wa labarin da farko, a jikina. Me na yi da shi? Na karya maka dokar shiru, na ce, "Yau ba a ba ka abin kari ba ne a gida?" Ka yi murmushi ba ka ɗago ba. Na sha shayina na tafi. 'Yarka tana ɗakin gaba tana gwada wa wata mata hannu, na wuce ta ƙofar na ce mata sai wani watan. Kalma ɗaya ta ishe ni in ce mata, duba mahaifinki. Ban ce ba.

Bayan an kira ni an faɗa mini, sai na shiga yin abin da ka hana ni, wanda likita ma ya hana. Na riƙa sa ƙafa ta huɗu a cikin ɗaki, a kan mikin, in tsaya in dafa bango in saki nauyina a kan gurbin nan. Zafi kamar wuta, amma a cikin zafin kana nan. Kwana goma ina haka, har 'yarka ta zo gaishe ni ta tarar da jini a safa.

Ita ce wadda kake kira Uwata, ni kuma nake ce mata Maƙeriya. Shekararta arba'in da ɗaya, ta yi makarantar wannan aiki, kuma ta yi shekara goma sha biyar a teburin da ke kusa da naka. Ta daɗe tana duba mikin. Sannan ta ce, "Baba, in wannan ya kai ƙashi, sama da gwiwa za su yanke. A shekarunka, in gwiwar nan ta tafi, ba ni ba, ko shi ya dawo ba zai iya tashinka ba." Na ce to ta yi sauri ta ƙera mini sabuwar daga siffar da ka ɗauka, ita ce taɓawarka ta ƙarshe, kuma ba zan sa wata ba. Ta ce sai an sake ɗauka. Na ce ba wanda zai sake. Na faɗa mata magana mai zafi, na ce tun ba a share sawunka ba ta fara gyara maka aiki. Allah ya yafe mini, yarinyar tana cikin makokin ubanta. Ta fito da ɗan makulli daga jaka, ta kwance tafin ƙafar daga jikin kuben, ta sa shi a jakarta har da takalmin, ta miƙo mini kuben. Ta ce, "Ga yatsunsa nan na bar maka. Tafiyar ce na ɗauke. In ya bushe zan zo in kai ka ka gani da idonka."

Kwana goma sha biyu na yi da sandunan hammata, ina fushi da ita, mikin kuwa yana bushewa.

Ranar da ta zo ta ɗauke ni a motarta, na shiga ɗakin aikinka karo na farko ba ka ciki. Rigarka tana rataye a ƙusa, har yanzu da lanƙwasar gwiwar hannunka. Ƙafafun da ka gama suna jere a jikin bango cikin takalmansu, suna jiran masu su. Na kasa kallon hawan sama. Ta ɗauko kwafin dungulmina na ƙarshe daga ƙarƙashin teburinka ta ɗora mini a cinya. Na shafa wurin. Gurbin yana nan, amma da ƙyar yatsa yake gane shi, kamar sawun da ruwa ya bi ta kai. Ko ni da ban san aikin ba na san ba zai ɗauki nauyin mutum ba. Ta ce in juya. A bayansa, da shuɗin fensirinka, ka rubuta Akawu kamar kullum. A ƙarƙashi kuma, da rubutun da ya karkace yana gangarawa, ka ƙara: "A sake. Hannuna ba ƙarfi. Uwata ta ɗauka."

Na daɗe ina karanta kalmomin nan. Sannan na faɗa mata abin da na ji ranar, da abin da ban ce ba. Na zaci za ta ce ba komai, irin yadda ake cewa. Ba ta ce ba. Ta zauna a bencin kusa da ni ta ce, "Da ka faɗa mini, Baba, da na ja shi asibiti ranar. Ko zai amfana, Allah ne ya sani. Amma shi ma ya ji hannunsa, ga shi ya rubuta, ya tura ƙarƙashin tebur don kada in gani. Ku biyun duk kun ɓoye mini." Ta share ido da bayan hannu ta ce, "To, a sake ko a'a? Ruwa yana hucewa."

Na ce a sake.

Ta sa mini safa, ta zana ƙasusuwa da fensirinka, ta naɗe bandeji, ta durƙusa. Na rufe ido, don ba na so in ga wani kai a wurin da naka yake. Ta kafa yatsu, ta danna. Maƙeri, na kusa yin ihu. Na dama a miƙe, na hagu a kishingiɗe yana kallon waje, daidai wurin, daidai nauyin, hannunka na shekara talatin da bakwai. Na kasa buɗe ido har simintin ya kama, ina tsoron abin da zan gani, ina kuma tsoron kada in ga ba kai ba ne. Da ta zare, na kama hannunta na hagu na juya shi. Yatsanta lafiya lau, miƙaƙƙe, ba tabo ko ɗaya. Na ce, "Maƙeriya, ke kuma wane inji ya kama ki?"

Ta yi dariya da hawaye a fuskarta. Ta ce, "Ba inji. Tun ina ƙarama nake kallonsa yana yi, na ɗauka haka ake yi. Sai da na je makaranta malamai suka yi ta bugun hannuna, wai in miƙe yatsa. Ina da shekara ashirin na gane karaya ce ba ilimi ba. Na zo na ce masa, Baba, ashe aibinka ka koya mini. Ya ce, to wa ya taɓa faɗuwa?"

Jiya aka gwada mini ƙafa ta biyar. Na tsaya tsakanin sandunan ƙarfen nan biyu da ka koya mini tafiya a cikinsu, na saki nauyina a hankali, gurbin ya karɓe ni. Taku goma sha ɗaya na yi zuwa madubi, goma sha ɗaya na dawo. Ban san hannun wa yake riƙe da ni ba, kuma na daina tambaya. Kwafin nan na ƙarshe, mai gurbin da ya shafe, ta so ta farfasa shi bisa ƙa'ida. Na roƙe ta, ta ba ni. Yana nan a kusurwa tare da sauran. Shi ne kaɗai ba na iya sa yatsana a ciki.

Ta ce nan da mako guda zan iya taka ƙasa a waje. Ta kuma ce ƙafar tana da wata matsala da sai an duba ta kowace Alhamis ta farkon wata. Na ce na ji. Amma kafin wannan Alhamis ɗin akwai inda zan fara zuwa. Na ce ta sauke ni a bakin maƙabarta, kada ta riƙe ni. Tsayuwar da ban yi maka ba ranar Litinin ɗin nan, zan zo in yi ta da ƙafata, in kuma faɗa maka kalmar da ya kamata in faɗa tun kana durƙushe a gabana: sannu, Maƙeri, hannunka ya gaji.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, wanda ya ƙare rayuwarsa a durƙushe a gaban bayinka don su miƙe. Ka jiƙansa, ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Duk takun da wani ya yi da aikin hannunsa zuwa ga alheri, ka sa shi a mizaninsa. Ka tabbatar da dugadugansa ranar da ƙafafu suke zamewa, ka riƙe shi yadda ya riƙe mu, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ni kuma ka yafe mini shirun da na yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa, wadda ta yi shekaru tana wanke farin siminti daga rigunansa, da 'ya'yansa da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da abokan aikinsa. Ina miƙa ta musamman ga 'yarsa ta fari, tare da neman gafarar maganar da na faɗa mata. Ina kuma yi wa 'yan'uwana ta'aziyya, Direba da Mai ɗinki da Mai kifi da duk wanda yake yawo da gurbin nan biyu a ƙasan gwiwarsa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu da shi a inda ba wanda zai buƙaci aikinsa, kowa a tsaye da ƙafafunsa biyu. Amin.